Irin da Ke Jikin Bango

Tsutsar nan da muke kira sharon ta cinye min tumatir kaf a fadamar Ƙarfi. Irin kamfani ne, manya-manya, amma cikin sati biyu ganyen ya ƙone. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Ana cikin haka Malama Naja'atu ta iso, wata mai binciken iri daga Zariya. Ƙauye-ƙauye take bi tana neman tsohon tumatir, ƙananan nan masu tsami da ke fitowa da kansu. Ta ce wasunsu na jure cutar da ke kashe na kamfani. In aka haɗa su aure da manyan, ana iya samun iri mai ƙwari.

Nan take na tuna. Mahaifiyata, Hajo, tana da irinsa a bayan ɗaki, bai taɓa ciwo ba. Ni na feshe shi bara da maganin ciyawa, wai yana ɓata min gida.

Na ja Naja'atu har gida, ina sauri kamar ana korata.

"Inna, ba sauran irin 'yan tumatir ɗinki?"

Hajo ta ɗago daga tsintar wake. "Waɗanda ka ce abincin kaji ne?"

"Inna, don Allah."

"Akwai. Kowace kaka nakan matse 'ya'yan in shafa a bangon ɗakina, su bushe a nan har damina. Haka uwata ke yi a Bakori."

Naja'atu ta miƙe da murna. Ni ko na dafe kai, don kafin Sallah na sa an yaɓe bangon nan da siminti, har ina taƙama na gyara wa tsohuwa ɗaki.

Na ɗauko guduma. Ina fasa, ina tambaya: nan ne? Ko nan? Hajo na nuna min da baki. Gumi ya jiƙe ni sharkaf kafin wani ɓawo ya ɓalle, 'ya'yan na manne a bayansa. Naja'atu ta taɓa ɗaya da farce, ya murƙushe. Ta gwada wani, haka. Simintin ya cinye su.

Na jira faɗa, wallahi da ya fi min sauƙi. Hajo ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Shekara hamsin ina ajiye shi, Awaisu," ta ce. "Ba wanda ya taɓa tambaya sai yau."