Ranar da Mai Agogo Ya Jera Rumbun Kwamfuta

Shekara arba'in Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo a bakin kasuwa, har idanu suka ce sun gaji, ya dawo gida ya zauna. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Marigayiya matarsa takan ce da hannunsa zai kai sama, da taurari ma sai ya jera su sahu-sahu.

A shekararta ta ƙarshe, da ciwo ya hana ta fita, takan zauna gaban tsohuwar kwamfutar da babban ɗansu ya bar musu kafin aiki ya kai shi nesa, ta yi ta ɗaukar muryarta. Tatsuniyoyi don jikoki, labarin ƙuruciyarta, wani lokacin har tsegumin mijinta, shi kuma yana gefe yana ji. Ɗauka ta kai sittin. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, bai iya buɗe ko ɗaya ba. Sanin suna nan ya ishe shi.

Ranar Laraba 'yarsa Auta ta zo kwafe su a waya domin 'ya'yanta. Ta daɗe a ɗakin, da ta fito kuwa fuskarta ba yadda ta shiga ba.

"Baba, na kashe kwamfutar. Don Allah kada ka taɓa ta. Asabar zan zo da mota mu kai ta wajen gyara."

"Me ya same ta?"

"Nauyi kawai take yi," ta ce, kanta a ƙasa tana neman takalmi.

Nauyi kawai? Ai wannan bai kai a ƙona mai ba. Washegari da hantsi ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko faifan da babban ɗansa ya bari cikin ambulan. A bayan ambulan akwai rubutun ɗan: "Baba, in ta fara jan ƙafa, sa wannan, ka kashe ta ka kunna. Daga faifan za ta tashi, sai ta samu sukunin tattara abin da ya warwatse a rumbunta. Ka zaɓi na biyu. Kada ka kashe sai ta gama."

Ya sa tabarau, ya bi umarnin layi-layi. Allon ya cika da 'yan ƙananan akwatuna, jajaye sun watsu cikin shuɗaye kamar an ɓarar da dutsen ado. Sannu a hankali suka fara tashi ɗaya-ɗaya suna komawa sahu. Awa huɗu ya yi a kujerar da marigayiyar take zama, shayinsa ya huce bai sani ba. Tun da aka kai ta makwancinta bai ji hannunsa ya yi wani amfani ba sai ranar. Da aikin ya ƙare, kwamfutar ta tashi fes, kamar yarinya.

Asabar tun a bakin ƙofa ya tari Auta da murmushi. "Ki ajiye mukullin motarki. Hannun tsoho bai mutu ba."

Ta dubi allon da ke kunne, ta dubi faifan a kan tebur, sai ta zauna a ƙasa.

"Baba, na goge su. Garin kwafewa na goge muryar Umma duka. Mai gyara ta ce za a iya dawo da su in dai ba a taɓa komai ba. Tsoron faɗa maka na ji."

Duk da haka suka naɗe kwamfutar cikin bargo suka tafi. Shagon ɗan tsukuku ne, yana warin dalma da ƙura, fanka tana juyi a kan tulin wayoyi. Mai gyaran, wata mace mai furfura a goshi, ta ba shi kujerarta ta saurare shi har ya gama.

"Baba, in an goge abu, ba nan take yake tafiya ba. Sunansa ake cirewa daga ƙofa, kayan suna ciki har sai an zuba wasu a wurin. Faifan nan ya ɗauka ɗakin ba kowa, ya kwaso wasu kaya ya jera a kai. Amma bari in laluba."

Ta laluba har la'asar. Abin da ta yi ta tsamowa duk ƙara ce kamar ruwa a kan kwano, sai guntu ɗaya mai daƙiƙa tara. Ta ƙara sauti. Aka ji jan kujera, aka ji ɗan tari, sannan muryar ta fito:

"Ya fara ɗauka? To. Ku matso kusa, ta yau mai tsawo ce."

Shi ke nan. Mai Agogo ya ce a sake sa masa. Aka sake. Bai nemi na uku ba.

A mota Auta ta kifa kai a kan sitiyari, ta kasa tayarwa.

"Da na faɗa maka gaskiya, Baba."

"Da na ji maganarki," ya ce. "Yayanki ni zan kira shi. Zan ce rumbun ne ya tsufa ya mutu. Kada ki yarda ya ji cewa faifansa ne."

Ta gyaɗa kai. Ya miƙa mata hankicinsa, ya jira har ta share ido ta tayar da mota.