Tagar Ɗakin Girki

Ran Asabar Dosu ya matsa wa matarsa Afiyavi sai sun je ganin tsohon benen nan na Porto-Novo da aka mayar gidan tarihi. A can mahaifiyarta ta yi aikin girki, a can ita ma ta girma.

Mai zagayawa da baƙi ta tsaya da su a ɗakin girki, tana bayanin yadda wanda ya zana gidan ya yi tagar ƙasa-ƙasa don iskar tafki ta riƙa kwashe hayaƙi.

"'Yata, don ni ya yi ta," in ji Dosu. "Ta nan ake miƙo min soyayyen kifi."

"Rabu da shi," Afiyavi ta ce. "Rabon mage nake ba shi."

Dosu ya fita da sandarsa, ya zagaya ta lambu, ya leƙo ta tagar yana haki. Kunya ta kama Afiyavi a gaban mutane. Duk da haka ta laluba jaka, ta miƙa masa ƙullin gyaɗa.

"Tsoho, tauna a hankali, haƙoran nan ba na da ba ne."