Ci a Gaban Suruki

Ranar da aka kai wasan ƙarshe na gasar ces a zauren wata makaranta da ke unguwar Wunti, Habibatu ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ces ɗin nan dai ita ce darar da ake yi da sarki da sarauniya da dawakai da sojoji. Duk wanda ya yi nasara a ranar, shi ƙungiyarsu za ta tura babbar gasa a Jos, abin da Habibatu ta daɗe tana mafarki. To, wa za ta kara da shi? Alhaji Mudathir, mahaifin mijinta!

Ku ji fa. Tun da aka kawo ta gidansu a Ƙofar Ran, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle ta kai loma baki a gabansa. Ita kuwa ces, ai ci ne ake yi.

"Yau za mu ga cin abinci a gaban suruki," in ji ƙawarta Juliana, tana ƙyalƙyala dariya.

"Ke dai bari, Juliana."

Aka zauna. Habibatu ta ja mayafi, ta kafa ido a kan allo. Ba a jima ba Alhaji ya tura soja inda babu mai tsaronsa. Ta gani sarai, hannunta ya tashi, ya koma. Ta matsar da wani abu can gefe. Can kuma dokinsa ya tsaya a bakin sarauniyarta, a fili, ta sake kau da kai. Masu kallo suka fara ƙus-ƙus.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge. Bai dube ta ba, sai ya juya wajen alƙalin wasa.

"Malam Jesse, na san an hana magana, amma a yi mini uzurin tsufa. A gaya wa 'yar nan, tun kafin a haifi mijinta nake wannan wasa. Ban zo a ba ni sadaka ba. A gida, wanda ya rage maka ya girmama ka. A kan allon nan kuwa, wanda ya rage maka ya raina ka."

Jesse ya sosa ƙeya. "Madam, kin dai ji."

Ai kuwa ta ji. Sai dai damar ta wuce, don Alhaji ya janye dokinsa, ya kuma matse ta ta ɓangaren sarki. Ta daɗe tana duban allon, har Juliana ta fara cizon farce. Sannan ta ɗan rusuna daga zaune.

"A yi haƙuri, Baba."

Ƙwas! Ta cinye soja.

"A yi haƙuri, Baba." Doki ya tafi.

Zaure ya ɗauki dariya. Shi ma dattijon bai zo da wasa ba, ya cinye mata sojoji, ya kafa mata tarko da sarauniyarsa a tsakiyar allo. Ta leƙa, ta gane, ta zagaye. Dokinta ya yi tsalle ya faɗa kusurwar da sarkin Alhaji ya fake a bayan sojojinsa. Sarki ya duba gabas, nasa ne suka tare hanya. Ya duba yamma, sarauniyar Habibatu na jira.

Alhaji ya kwantar da sarkinsa da ɗan yatsa, alamar ya yarda an ci shi, ya miƙe tsaye, babbar riga na kaɗawa.

"Jama'a, kun gani? Matar ɗana Hafizu ce! A gidana take!"

"Alhaji, ai kai aka ci," in ji wani tsohon abokinsa daga baya.

"Kai da aka fitar tun zagayen farko, wa ya sa da kai? Ku ba ta hanya, Jos za ta!"

Juliana ta rangaɗa guɗa, har masu keke a bakin titi suka waiwayo.