Man Wiwin Matar Hedimasta

Malam Wirat ya sake jijjiga ƙofar shagon, ko da yake yana ganin kwaɗon da idonsa. A jikin gilashin an manna takarda mai hatimin ma'aikatar lafiya ta lardi, wai an rufe wurin har sai masu shi sun samo likita mai lasisi da zai riƙa zama a ciki, kamar yadda sabuwar doka ta ce. Matar da ke gasa ayaba a bakin titi ta gaya masa cewa ba shi kaɗai ba ne, shaguna bakwai aka rufe a layin nan rana ɗaya, tun shekaranjiya mutane ke zuwa suna komawa. Ta dubi farar rigarsa da ta sha guga, ta dubi furfurarsa, ta ce, "Har da kai, Kawu? Ai ban ga alama ba."

Ya juya ya nufi tasha.

Wata takwas ke nan yana wannan tafiya. Awa ɗaya da rabi a bas daga garinsu na bakin kogin Mekong zuwa babban birnin lardi, don ƙaramar kwalba da ba ta wuce tsawon babban yatsa ba. Matarsa Bunruean ce ba ta da lafiya. Ciwon daji ya fara mata a nono, aka yi aiki, bayan shekara biyu ya ɓullo a ƙashi. Ƙwayoyin asibiti suna rage zafin, amma suna hana ta cin abinci, ko ruwa ta sha sai ya dawo. 'Yarsu da ke aiki a Bangkok ce ta matsa a gwada man wiwi. Ɗigo uku a ƙarƙashin harshe, sai ga Bunruean tana neman a miƙo mata kwandon shinkafa mai danƙo. Ranar ya shiga bayan gida ya yi kuka. Da ya fito kuma ya juye man cikin kwalbar maganin tari, don kada masu zuwa dubiya su gani.

Akwai shagon man wiwi a garinsu. Shi ya sa ma yake shiga bas.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hedimastan sakandaren garin. Lokacin da gwamnati ta sassauta dokar wiwi, shaguna suka tsiro ko'ina kamar ciyawar damina, wata tsohuwar ɗalibarsa mai suna Nongyao ta bar aikin jinya a birnin Khon Kaen ta dawo gida ta buɗe nata a bakin kasuwa. Shi kuwa ya ga yara da kayan makaranta suna busa hayaƙi a bayan tasha, abin ya tsaya masa a rai. Bai tambayi inda suka samo ba. Ya rubuta wasiƙa shafi huɗu, ya bi gida gida ya tara sa hannun mutum ɗari shida, ya karanta ta a gaban majalisar ƙaramar hukuma. A ciki ya kira Nongyao mai sayar wa 'ya'yan mutane guba. Aka tashe ta daga kasuwa, ta koma can bayan injin casar shinkafa, inda kwalta ta ƙare.

A cikin bas ɗin komawa ya fito da kwalbar ya ɗaga ta a hasken taga. Abin da ya rage bai wuce na kwana biyu ba.

Wajen sha biyun rana ya isa bayan injin casar. Ya wuce ƙofar sau ɗaya kamar mai neman wani gida, ya dawo, sannan ya cire takalmi ya shiga. Ya zaci zai tarar da samari masu jajayen idanu. Tsofaffi ya tarar a kan benci, wajen goma sha biyu, wasu da sanduna, kowa da takardar likita a hannu. Rabinsu iyayen ɗalibansa ne. Surutu ya ɗauke ɗif.

Inna Thongbai ce ta fara magana, wadda ta shekara ashirin tana sayar da miyar taliya a ƙofar makarantarsa kafin rawar hannu ta hana ta riƙe ludayi. Ta ce, "Ku gyara zama, hedimasta ya zo duba farce."

Aka yi 'yar dariya. Nongyao ta fito daga bayan kanta, ta haɗa tafukanta a gaban fuska ta sunkuya, gaisuwar ɗaliba ga malaminta, ba ragi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta shigar da shi ƙaramin ɗakin likita ta rufe ƙofa, ta kawo masa ruwan sanyi.

Ya ajiye kwalbar maganin tarin a kan tebur. Ya fara da cewa wani maƙwabcinsa ne ya aiko shi. Nongyao ta buɗe ta shinshina, ta rufe. Ta tambaya a hankali ko ɗigo nawa Inna Bunruean take sha, kuma ko tana haɗawa da ƙwayoyin asibiti.

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

"Malam, garin nan duka ɗan taƙi ne. Direban bas ƙanin mijina ne."

Ta yi masa bayani ba tare da ta ɗaga murya ba. Yanzu doka ta hana ta ba kowa ko ɗigo sai likita ya ga mai ciwon da idonsa, ya rubuta takarda, takardar kuma ta wata ɗaya ce. Ita ba ta ƙin wannan, ta ce, dama can haka ya kamata, don man da yake sayowa a birni babu wanda ya san ƙarfinsa. Likitansu zai je gida gobe da safe ya duba Inna. Sai dai ba ta san ko wata mai zuwa za a same su a nan ba. Lardi ya ba su lasisi, amma izinin wurin a hannun ƙaramar hukuma yake, kuma yau da ƙarfe biyu majalisa za ta zauna a kan ko a sabunta shi. Tsofaffin da ya gani a waje ƙungiyar majinyata ce, sun taru ne su tafi tare. In aka rufe nan, wuri mafi kusa awa uku ne a mota.

Ba ta roƙe shi komai ba. Ya jira ta roƙa, ba ta yi ba. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, in likitan zai zo gobe, ya yi haƙuri ya zo ba da farar riga ba. Ta ce to, Malam.

Yana sa takalmi a ƙofa sai ga wata farar mota ta tsaya. Thawin ne, mataimakin shugaban majalisa, abokin karatunsa tun firamare, ya zo ganin wurin kafin zama. Ya leƙo ta taga yana dariya.

"Tsohon damisa! Ashe ka riga ni. Leƙen asiri ka zo yi? Shigo mu tafi, yau muna bukatar bakinka."

Duk tsofaffin suna ji. Malam Wirat ya shiga motar.

A zauren majalisa aka zaunar da shi a layin gaba, a kujera mai laushi, aka ajiye masa kofi. Majinyatan suka iso daga baya a bayan akori-kura, suka cika bencin ƙarshe kusa da fanka. Akawu ya karanta dokar lardi, ya karanta rahoton masu duba shaguna, wanda ya ce ba a sami wani laifi a wurin ba. Sannan Thawin ya ce akwai takardar da ta fi rahoto nauyi, ya jawo wasiƙar mai shafi huɗu. Malam Wirat ya zauna yana jin kalmominsa a bakin wani. Wasiƙar ta tsaru, babu kuskure ko ɗaya. Da aka zo kan guba da 'ya'yan mutane, wasu suka tafa.

Aka ba ƙungiyar majinyata minti biyar. Inna Thongbai ta taso, takardar da aka rubuta mata tana karkarwa a hannunta har ta kasa karantawa, sai ta ajiye ta. Ta ce ita ba ta iya magana irin ta masu ilimi ba. Shekara huɗu jikarta ke ba ta abinci a baki kamar jaririya. Yanzu da safe, in ta sha man, tana samun awa biyu da take iya riƙe cokali da kanta. Ta ce awa biyun nan kaɗai ta zo nema, ba ta zo jayayya da kowa ba. In kuma yara ake tsoro, to a zo a zauna a shagon yini guda a ƙirga yaran da za su shigo.

Ta juyo za ta koma, idonta ya faɗa kan Malam Wirat. Ta san komai, kamar yadda duk na bencin suka sani. Ta wuce ta koma benci.

Thawin ya ce yanzu sai a ji daga bakin uban gari, wanda ya rubuta wasiƙar. Aka miƙo masa lasifika. Ya tashi tsaye. Kwalbar tana aljihun wandonsa, yana jin ta a cinya. Ya ga fuskokin 'yan majalisa, huɗu daga cikinsu ya taɓa yi wa bulala. Ya shirya maganar tun a mota, gajeriya ce, jimla biyu. Amma da ya buɗe baki sai muryar taron safiya na makaranta ta fito, wadda ya saba da ita shekara talatin. Ya ce al'amari ne mai faɗi. Ya ce akwai bukatar a duba kowane ɓangare da natsuwa, don amfanin manya da yara. Ya gode wa majalisa, ya zauna.

Aka tafa masa. Thawin ya ce tun da Malam ya ba da shawarar a natsu, an ɗage ƙuri'a zuwa mako biyu. A bakin ƙofa Nongyao tana taimaka wa tsofaffi hawa mota. Da ta gan shi ta sake haɗa hannu ta sunkuya, ta ce likita zai zo ƙarfe tara.

Da ƙafa ya tafi gida. Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. Bunruean tana kwance a kan gadon katako a ƙarƙashin gidan da aka ɗora kan dogayen ginshiƙai, inda iska ke bi, ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Maƙwabciya ta kawo kwaɗon gwanda da gasasshen kifi, ta ɗan taɓa. Ya zauna a gefenta ya ɗiga mata uku, ya riƙe mata haɓa har ta haɗiye.

Ta ce matar Thawin ta bugo waya, wai ya yi jawabi a majalisa. Me ya ce?

Ya gaya mata duka, tun daga kwaɗon da ke ƙofar shagon birni har zuwa tafin da aka yi masa. Bai rage komai ba, bai kuma ɗago kai ba. Ta mai da idonta kan kajin da ke tono a gindin mangwaro.

Ta ce, "Shekara arba'in da uku ina jin kana gaya wa yara su faɗi gaskiya ko za a dake su."

"Na sani."

"Ban ce don ka ji ciwo ba. Na san nauyin da ke kanka." Ta numfasa, ta gyara kwanciya da ƙyar. "Yaushe ne za su sake zama?"

Ya ce mako biyu, ranar Laraba.

Ta tambaya ko zauren yana da matakala. Ya ce uku ne, amma akwai gangara ta gefe. Sai ta ce gobe, bayan likita ya tafi, ya je gidan ibada ya aro keken guragun da sufaye ke ajiye wa tsofaffi, ya kuma ciro mata zanenta na siliki mai ruwan shuɗi daga akwati a shanya shi ya sha iska.

"Bunruean, ba za ki iya zaman awa biyu ba."

"Minti biyar suke bayarwa, ai ka ce. Ni ce mai ciwon, ni zan faɗa." Ta miƙo hannu ta ɗora a kan gwiwarsa. "Kai turawa kawai za ka yi, Malam. Ba sai ka yi magana ba."

Ya zauna riƙe da hannunta har ta fara gyangyaɗi. Sannan ya tashi a hankali, ya hau sama neman mabuɗin akwatin.