Ƙayar Aduwa a Bakin Taya

Kailu ya durƙusa gefen jip ɗin Dodo, ya cusa ƙayar aduwa a bakin taya, iska ta fara fita. Ya waiga. Jama'a duk suna can gindin gawo suna kallon Nasara na karin kumallo. Ya bi tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya har sai da kowace ta yi tumbi.

Tun ranar Asabar garin Filinge yake cike. Nasaran Yamai sun zo da wasansu na mota: an jera gangunan mai a filin rairayi bayan gari, mutum ya yi ta kewaya su da gudu, wani na riƙe da agogo. Yau Lahadi aka ware wa shofer, wato direbobi, baƙar fata, kuma kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya ce wanda ya ci tsakanin Kailu da Dodo shi zai riƙe makullin sabuwar motarsa.

Abin ya ci wa Kailu rai. Shi da ya yi soja, ya yi tuƙi a kwaltar Dakar, a haɗa shi da Dodo, wanda har jiya jakai yake kora zuwa kasuwar Baleyara? Shi ne ma ya koya wa Dodon riƙon sitiyari. Ga shi kuma ranar Asabar, da makanikin Nasara ya tashi koyar da gyaran mota don wasan, sai ya zaɓi jip ɗin Dodo ya yi misali da ita, har da dafa masa kafaɗa. Kailu ya ji kamar ya haɗiyi garwashi. Ya kaɗe riga ya tafi gida, ya bar Dodo yana gyaɗa kai ga Faransancin da ba ya ji, don dama Kailu ke fassara masa.

Kailu aka fara kira. Ya sa an ɗura wa tayoyinsa iska sun yi tauri kamar dutse, yadda ya saba a kwalta. Kwanar farko motar ta zame, ta biyu ta kwashi ganga, a ta ƙarshe ta tona rami ta zauna. Yara suka yi ta shewa. Bai damu sosai ba, yana jiran nasa kallon.

Dodo ya ja jip ɗinsa. Tayoyin nan masu tumbi suka baje a kan rairayi kamar tafin raƙumi. Motar ta bi tsakanin ganguna ko ɗaya ba ta taɓa ba. Makanikin ya rugo, ya danna taya da yatsa, ya ɗaga hannu sama yana ihu cewa ga mutum ɗaya da ya saurari darasin jiya: a rairayi rage iska ake yi. Kailu ya ji kowace kalma, shi da ke jin Faransanci.

Da la'asar yana zaune ƙofar gida, ko ruwa ya kasa sha, sai ga Dodo da mutane a bayansa, sabon makulli na lilo a wuyansa, hannunsa ɗauke da goro.

"Wanga goro naka na, yaya," in ji Dodo, idonsa ya kawo ruwa. "Magagi mai gadi ya gane ka da sahe, durƙushe wurin tayuna. Ni ban ji mi Nasara yac ce ba. Kai kaj ji, kab bar taka mota, kag gyara min tawa."

"Dodo..."

"Kak ka ce komi. Ku shaida, jama'a, akwai ɗan uwan da yah hi haka?"

"Babu!" suka amsa. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya fara sa wa Kailu albarka, Allah ya saka masa daidai da abin da ya nufa.

Kowa ya shafa. Kailu ya dubi hannuwansa, ya ga duk ido na kansa, ya ɗaga su a hankali.

"Amin," ya ce.