Littafin Reno a Hannun Surukina

Ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa da na ji muryar surukina Zakari a rumfar Lawali, na ajiye ludayin man gyaɗa na kasa kunne. Zana ɗaya ce ta raba rumfata da ta Lawali a kasuwar Matameye. Littattafai yake sayarwa, yana kuma zuba wa mutane fina-finai a salula.

"Wanne ya fi a littattafan renon jariri?" in ji Zakari, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗauki wannan na Faransanci, har da zanen yadda ake wanka," Lawali ya ce. "Fim fa?"

"Na Indiya, tsofaffin nan masu waƙa. Dogaye, waɗanda za su zaunar da mace wuri guda."

"Ka ji angon ƙarni."

"Kai, rage murya, kada a ji."

Na kuwa ji. Jaririn wa? 'Yata da yake aure ta daɗe a gidansa, ciki biyu sun zube, daga nan shiru. Shi kuma kullum yana hanyar Dungu, wai sarin rake. Na ce a raina, lalle raken nan ya yi 'ya'ya. Mutumin nan ya ajiye wata a can har ta haihu, yarinyar nan kuwa sai dai ta tsinci labarin a bakin mata a gidan biki. Wannan ne ba zan iya gani ba.

To amma 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ƙanwata Saratu ce ta rene ta, ban kuma taɓa taka gidan aurenta ba. Suruki kuwa ba a tare shi da irin wannan zance.

Da ya tafi na leƙa ta saman zana. "Lawali, wa aka yi wa haihuwa?"

"Hajiya, ni fim nake zubawa, ba na zuba zance. Ko in zaɓa miki wani mai rawa a cikin ruwan sama?"

"Ka zaɓa wa tsararka."

Na je wurin Saratu na kwashe mata duka. Ba ta ɗago daga tankaɗen da take yi ba. "Yaya, zato zunubi ne," ta ce, tana danne dariya. Na ce to, har da ke a ciki ke nan.

Gani ya kori ji. Da la'asar na yafa mayafi, na naɗe kunyata na nufi gidan.

Tun daga zaure nake jin wata mata tana rera waƙa da siririyar murya. Na yi sallama na ɗaga labule. Ga yarinyar nan kwance, ƙafafu bisa matashi, salula jingine da kwano, littafin a buɗe kusa da ita. Ta zabura za ta tashi, ta ja zane ta rufe jikinta. Zanen bai rufe abin da na gani ba.

"Kwanta," na ce, ina duban ƙofa.

Ita ma bango ta duba. "Malamar asibiti ce ta hana ni motsi. Mun ce kada a faɗa wa kowa sai cikin ya yi ƙwari."

Na yi hamdala a zuci. Don kada ta ga idona, na ɗauki littafin ina juya shi. Ga zanen jariri ana masa wanka a ɗan kwano, babu tukunya, babu ganyen darbejiya, babu ko alamar kunun kanwa.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin jego ba," na ce. "A gaya wa mai gidan ya fara tara itace."

Na zauna a bakin tabarma, don ƙafata ta gaji. A salula wani mai gashin baki yana miƙa wa mai waƙar fure.

"Wannan kuma wane ne?"

"Wan mijinta ne, Hajiya."

"Matso da abin nan kusa. Ban yarda da shi ba."