Haƙorin da Ya Ƙi Fure

"Ƙara gogawa," in ji Uwa daga kwance. "Da ƙarfi, Saratu, ba jariri kike wa wanka ba."

Saratu ta sake murza furen taba a kan haƙorin, ta ɗora dakakken goro, ta jira. Da ta share da bakin zane, jan ya bi zanen. Haƙorin ya fito fari fat. Wata na biyar ke nan suna wannan aiki.

Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Kibiya. Shekara arba'in Saratu ta san Uwa da jajayen haƙora, rinin fure da goro tun tana amarya, kuma Uwa ce mai guɗar unguwa. Bara ta zame a bakin rijiya, haƙorin gaba ya karye. Autanta Ubaidullahi, sabon kansila, ya kai ta wani asibitin haƙori a Kano. Saratu ta raka su.

Likitan ya fito da wani ɗan allo mai jerin haƙoran tangaran goma sha shida, daga fari zuwa ruwan ƙasa. Ya riƙa kara su a bakinta ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya zo kusa.

"Ba a yin ja, Hajiya. Amma wannan na ƙarshe ba zai fito fili sosai ba."

"Sa mata na farkon," in ji Ubaidullahi. "Uwar kansila ce. Jan baki ƙauyanci ne."

"Bar shi ya sa," in ji Uwa. "Sati biyu fure ya kama shi."

Likitan ya yi wata magana da Turanci. Ubaidullahi ya gyaɗa kai, bai fassara ba.

A bikin sunan farko da Uwa ta halarta, tana buɗe baki za ta rangaɗa guɗa wata amarya ta fashe da dariya. Kafin Juma'a unguwa ta sa mata suna Tocila. Ba ta sake guɗa ba. Ko gaisuwa sai ta bayan mayafi. Da ciwon hanta ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙa: kada matan unguwa su ga gawarta da haƙorin nan a haka.

Ran Talata Ubaidullahi ya zo daga taron jam'iyya a Rano da katan ɗin madara. Saratu ta tare shi a zaure.

"Kai, me likitan nan ya ce maka da Turanci?"

"Inna Saratu, tsohon zance..."

"Me ya ce?"

"Cewa ya yi tangaran ba ya ɗaukar rini."

"Wata biyar muna gogawa har dasashinta na jini, kana ji kana gani. Sa ta a mota a cire mata shi."

"A haka? Hanyar ma za ta jijjiga ta. In ta ji sauƙi."

"Da nono ta goya ka ko da ruwan kwata? Madara! Da wane bakin za ta sha?"

Ya ajiye katan ɗin ya fita.

Uwa ta rasu ran Alhamis bayan la'asar. Kafin kowace mace ta shigo, Saratu ta sakaya ƙofa, ta yagi bakin likkafani, ta ɗaure mata haɓa tamau har leɓe ya haɗu da leɓe. Sannan ta nemi ruwan wanka.

Da aka gama, Ubaidullahi ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu.

"Inna, a buɗe min fuskarta in yi mata addu'a."

Saratu ta janye likkafanin zuwa karan hanci, ta tsaya nan.

"Sauran ka riga ka gani. Kai ka zaɓa."

Bayan an fita da makara ta share ɗakin. A gefen katifa akwai 'yar tasa da ragowar furen jiya, ya yi yaushi, da ɓarin goro da ba a daka ba.